Kayan Miya a Jirgin Bunyaminu

A bakin gulbin Kwara, ƙasa kaɗan da kasuwar Lolo, akwai wata 'yar tunga da ake kira Tungar Dogara. Gidajenta ba su da yawa, kuma duk Kiristoci ne, suna zaune tsakanin Sarkawa masunta da Fulani makiyaya ba tare da wata fitina ba. Sunan ya samo asali daga Baba Dogara, masassaƙin jirgi da ya hauro daga wajen Yawuri tun yana saurayi, ya kafa bukka, ya kafa rumfar addu'a kusa da ita. Abin da aka san shi da shi guda ne: bai taɓa rantsuwa ba. In ya ce katakon nan zai yi shekaru, zai yi. In ya ce jirgi ya cika, ko surukinsa ne a bakin ruwa sai dai ya jira na baya. Har ya zama in Bafulatani zai aika matarsa ƙetare, sai ya ce mata ta nemi jirgin Kiristocin nan.

Ɗansa Bunyaminu ne ya gaji jirgin. Dogo ne, siriri, mai ƙarancin magana, irin mutanen da in ana hira sai dai ka ga suna gyaɗa kai. Firamare kawai ya yi a Lolo ya koma ruwa. Bayan rasuwar uban ya ɗaura wa jirgin inji, yana kai fasinja da buhunan albasa zuwa Madekali da Malanbil a ƙasar Benin, ya dawo da wasu. Ya auri Rahila, wadda ita ce mai kaɗa ganga a zumuntar mata ta majami'arsu, suka haifi 'ya mace suka sa mata Alheri. Ba su da dukiya, ba su kuma rasa tuwo ba.

Sai aka rufe iyaka. Motoci suka daina wucewa ta tudu, gulbi ya zama shi ne hanya. Fetur yana da araha a nan, yana da tsada a can, kuma tsakanin nan da can ruwa ne kawai da ciyawar burgu. Cikin ɗan lokaci kowa ya shiga, masu babura, masu jakuna, masu kwalekwale, har da matan da ke sayar da fura. Ba mai cewa fasa-ƙwauri. Tsallakawa ake cewa, kamar yadda ake tsallakar da akuya. Akwai waɗanda suka ƙi, irin su tsohon sarkin ruwa Usuman, wanda ya ce shi ba zai haɗa fasinja da mai a jirgi guda ya tsaya gaban Allah da wannan ba. Mutanen Tungar Dogara ma da fari sun ƙi. A wajen mai shayi samari sukan yi musu ba'a.

"Ku dai ku ci waƙa ku ƙoshi," in ji su. "In an tashi daga coci ku zo mu ba ku aron babur."

Ba'ar ba ta yi musu zafi kamar gani ba. Kullum suna gani. Maƙwabci ya sauya rufi, ɗan maƙwabci ya sayi waya mai hoto, kuma ba wanda tsawa ta faɗa wa. Abin da mutum yake gani safe da yamma, a hankali yakan daina yi masa kama da laifi.

Wanda ya fara buɗe ƙofar shi ne Dattijo Kefas, ɗan kasuwar albasa kuma babba a cikin dattawan majami'a. Mutum ne mai fara'a, mai kyauta, in ya yi addu'a har mata kan share hawaye. Shi ya sami Bunyaminu yana toshe tsaga a jikin jirgi, ya tsuguna kusa da shi.

"Ɗana, man nan sayensa muka yi, ba sata ba. Gulbin nan kuwa Allah ya shimfiɗa shi, mutum ne ya zo daga baya ya ja layi a kai. Jarka kaɗan a ƙarƙashin katako, wa aka cuta?"

Ba a daɗe ba Bunyaminu ya fara ɗauka. Ran Lahadi da aka kawo gurasar Jibin Ubangiji a majami'a ya sunkuyar da kai ya bar faranti ya wuce shi. Wata na gaba ma haka. Bai iya tuna ranar da ya sake miƙa hannu ba. Abin da ya sani, wata Lahadi ya tsinci kansa yana tauna gurasar, yana tunanin inda zai sami sabon murfin jarka.

Zumuntar mata suna da 'yan'uwa a wata majami'a a ƙetare, kuma tun zamanin Baba Dogara sukan je musu addu'a lokaci lokaci, cikin anko, da ganga da caki, suna waƙa tun daga wannan gaɓa har waccan. Jami'an da ke sintiri a kan ruwa ba su taɓa tsayar da su ba. Ganin girman ibada, sai dai su ɗaga hannu su ce a yi musu addu'a. Dattijo Kefas ya lura da wannan. Ziyarar da ake yi jefi-jefi ta koma ta kowane mako.

Matan sun sani, don a kan jarkokin suke zama, katako kawai ya raba su. Shugabarsu Mama Tabita, mace mai jiki da murya, ita ta raɗa wa abin suna. Wata rana wata ta ce ƙafarta na taɓa wani abu a ƙasa, sai Mama Tabita ta ce, "Ke janye ƙafarki, kayan miya ne." Jirgi ya kwashe da dariya. Daga ranar kalmar fetur ta fita daga bakin mutanen tungar. A gida, a bakin rijiya, har a harabar majami'a, sai ka ji ana tambaya ko kayan miya sun iso. Kuma ba a jin ƙarya ce, tunda da ribar ake sayen kayan miyan gaske. Da ita aka sauya wa majami'a rufi.

An taɓa turo musu wani matashin fasto da ya kira abin da sunansa yana wa'azi a kan bagade. Ba wanda ya yi masa musu. Gaisuwa ce kawai ta yi sanyi, kwanon tuwon da ake aika masa ya daina zuwa, har ya nemi a sauya masa wuri. Wanda ya gaje shi mutum ne mai haƙuri, wa'azinsa duk a kan haƙuri yake.

Shi kuwa Bunyaminu, hancinsa ne ya mutu. Da fari warin mai kan sa masa ciwon kai, Rahila kan hana shi shiga ɗaki sai ya yi wanka. Daga baya shi da ita duk suka daina ji. Baƙo ne kawai in ya shigo gidan zai yamutse fuska, su yi ta mamakin abin da ya dame shi.

Ranar da abin ya faru, cikin watan Satumba ne, gulbi ya cika ya haye gonakin shinkafa. An kwana ana ruwa, safiya ta zo da sanyi da laima. An riga an jera jarkoki an rufe da katako, mata sun shiga sun zauna layi layi, Rahila tana tsakiyar layin gaba da gangarta a cinya. Bunyaminu yana kwance igiya sai ya ji ana kira.

"Mai jirgi! Mai jirgi, tsaya don Allah!"

Wata tsohuwar Bafulatana ce take saukowa daga gaɓa, ɗauke da kwano rufe da faifai a hannu bibbiyu. Bayanta wata matashiya ce, ta lulluɓa da zane, rungume da jariri. Tsohuwar ta ce sunanta Tasallah, wannan ɗiyarta ce Jannatu, jaririn ba a ko yi sunansa ba. Cibiyar yaron ta kumbura, ya ƙi nono, an ce musu akwai asibitin yara a Malanbil.

"Inna, jirgin ga na taro ne," in ji Bunyaminu. "Ki jira na kasuwa."

"Na kasuwa sai rana ta yi tsaka. Dube shi, ɗan nan. Kai dube shi."

Bai so ya duba ba, amma ya duba. Fuskar jaririn ba ta fi tafin hannunsa ba.

Mama Tabita ta ce, "Haba Bunyaminu, mai jego za ka bari a bakin ruwa? Ku matsa mata, ku matsa. Inna shigo, ga wuri can gaba."

Suka shiga. Tsohuwar ta zauna a gaban jirgi, ta ajiye kwanonta a kan katako tsakanin ƙafafunta. Sai ta ɗaga kai tana shinshina iska kamar saniyar da ta ji baƙon ruwa.

"Wanga wari fa? Kamar na mai."

Matan suka dubi juna. Su ba su ji komai ba.

"Inji ne, Inna," in ji Bunyaminu.

Ta buga katakon da diddige, ta ji ba fanko ba ne. "Mi ke ƙasa?"

"Kayan miya!" wata ta amsa daga baya, aka yi 'yar dariya.

Tsohuwar ba ta yi dariya ba, don ba ta san akwai abin dariya ba. Ta juyo ta nemi idon Bunyaminu a can bayan jirgi.

"Kayan miya ne, mai jirgi?"

"Kayan miya ne, Inna."

Maganar ta fita daga bakinsa sumul, kamar amsa gaisuwa. Ko gezau bai ji a ransa ba.

"To, madalla," in ji ta. "Surukina ya ce in shiga naku, ku ba ku faɗin abin da ba shi ne ba."

Ya ja igiyar inji, jirgi ya yanka ruwa.

Gulbi a cike ba wasa ba ne. Ruwan ya yi ja, yana tafe da rassan itace da tsibiran ciyawa, dole mai jirgi ya sa ido gaba. Sun yi nisa, gaɓar Lolo ta koma baƙin zare, lokacin da Bunyaminu ya sunkuya zai kwashe ruwan da ke taruwa a ƙarƙashin ƙafarsa. Ya ga saman ruwan yana walƙiya, shuɗi da kore da ja suna juyawa. Ya tsoma yatsa ya murza. Wata jarka ta fashe, ko murfi ya kwance, kuma ba yanzu ba. Man ya bi ƙasan jirgin tun daga gaba har baya.

Bai tsorata sosai ba. An taɓa yin haka. Ba mai shan taba a cikin matan zumunta. Ya ce a ransa in sun isa sai a wanke.

Sai ya hango jirgin sintiri a gefen wani tsibiri, an kashe masa inji, jami'ai suna zaune suna kallon masu wucewa. Mama Tabita ma ta hango. Ta gyara ɗankwali, ta ɗaga murya ta tada waƙa. Rahila ta sa hannu a ganga, caki ya amsa, mata suka ɗauka gaba ɗaya. Waƙar yabo ce da Bunyaminu ya sani tun yana goye. Ya daɗe bai ji kalmominta ba. Shi dai ya san in an tada ta, to a rage gudu, a saki fuska.

Ƙarar ganga ta firgita jaririn. Ya fashe da wani siririn kuka mai yankewa. Jannatu ta jijjiga shi, ta ba shi nono ya ƙi. Daga inda yake, ta tsakanin kawunan mata, Bunyaminu ya ga tsohuwar ta karɓi yaron ta kwantar a cinya, ta warware masa tsumma. Ta sunkuya ta ɗauke faifan da ke kan kwanonta. A cikin kwanon akwai ɗan kasko cike da toka. Ta ɗauki tsinke ta tona tokar, ta kai baki ta hura.

Tokar ta yi ja.

Gashin cibi za ta yi masa. Garwashi ta taso da shi tun daga ruga, a rufe cikin toka, don ta riƙa ɗumama tsumma tana dannawa a cibiyar jikanta kamar yadda aka yi wa kowane jariri a gidansu. Wa zai hana mai jego wuta a safiya mai sanyi, a cikin jirgin da ke ɗauke da tattasai da daddawa?

Kaskon yana kan katako. Katakon yana da tsaga tsakaninsa da ɗan'uwansa, faɗin yatsa. Iskar gulbi tana kaɗawa.

"Inna!" Bunyaminu ya yi kira. "Inna, rufe!"

Inji na ruri a bayansa, ganga na tashi a gabansa. Ba wadda ta juyo. Ba zai iya sakin inji ya taka kan mata ya isa gaba ba, ruwan zai juya jirgin. Ya ɗaga hannu yana yi wa Rahila alama, ita kuwa ta ɗauka cewa yake ta ƙara ƙarfi, ta ƙara. Tsohuwar ta sake hurawa. Wani ɗan tartsatsi ya tashi, ya yi sama, iska ta ɗauke shi ya faɗa ruwa.

Ya kashe inji.

Shirun injin ya sa waƙar ta yi tuntuɓe. Wasu suka tsaya, wasu suka ci gaba, ganga ta mutu a hannun Rahila. Jirgin ya fara bin ruwa a karkace, yana gangarawa wajen tsibirin. Yanzu har ana iya ganin fuskokin jami'an, ɗaya ya miƙe tsaye.

"Kai Bunyaminu, lafiyarka?" Mama Tabita ta faɗa ƙasa ƙasa, haƙora a haɗe. "Nan ne wurin tsayawa? Tada inji!"

Bunyaminu bai kula ta ba. "Inna, kashe wutar nan. Zuba ta a ruwa."

Sai a lokacin matan gaba suka duba suka ga kaskon. Wata ta dafe ƙirji. Wata ta ɗaga ƙafafunta sama kamar hakan zai yi wani amfani. Amma duk idonsu yana kan jirgin sintiri.

"In zubar?" in ji tsohuwar. "In na zubar da mi zan gasa mai? Ba ka ji kukansa ba? Ɗan garwashi ne, ba ya ƙona maka jirgi."

"Inna, don girman Allah."

"Ikon Allah! Yau ga mutum. Tattasanka nika toyawa?"

Ta ɗora tsumman a kan garwashin. Gefensa ya fara hayaƙi.

Mama Tabita ta matsa gaba ta miƙa hannu da murmushi za ta jawo kwanon. "Kawo in riƙe miki, Inna, kin ga jirgi na rawa." Tsohuwar ta janye kwanon da ƙafa, kasko ya girgiza a ciki, toka ta zube a kan katako.

Bunyaminu ya duba tsagar katakon, ya duba jami'in da ke tsaye. Tsakaninsu bai fi a yi magana a ji ba. Ya nemi wata kalma da za ta sa tsohuwar ta gane ba tare da wancan ya gane ba, bai samu ba. Kalmar da yake da ita ita ce wadda ya riga ya ba ta, kuma ta karɓa ta gaskata. Ya ji bakinsa ya yi nauyi, kamar harshen ya manta yadda ake furta ɗayar. Ya dubi Rahila. Ita ma shi take kallo. Alheri tana gida wajen maƙwabta, tana jiran su dawo mata da ƙosai.

"Fetur ne!" Muryarsa ta fita da ƙarfin da bai san yana da shi ba, ta bi saman ruwa. "Inna, ba kayan miya ba ne, ƙarya na yi miki. Fetur ne a ƙarƙashinki, jirgin ga duka fetur ne, kuma ya zube!"

Tsohuwar ba ta yi ihu ba. Ta miƙa wa Jannatu yaron. Ta sa hannu biyu ta ɗauki kwanon a hankali, kamar mai ɗauke da ƙwarya cike da nono, ta ɗaga shi ta nufi bakin jirgi. A daidai nan wani reshe da ruwa ya kawo ya bugi jirgin. Kwanon ya karkace. Garwashi guda, ja wur, ya gangaro ta baki.

Rahila ce ta fi kusa. Ta saki ganga ta tare shi da tafin hannu, ta dunƙule. Ba ta jefar ba, don ba ta san inda zai faɗa ba. Ta miƙa hannun a dunƙule ta kan cinyar wata mata ta tsoma shi cikin gulbi, sannan ta buɗe. A gefenta kwanon tsohuwar ya shiga ruwa ya yi cuu, ya nutse.

Ba abin da ake ji sai kukan jariri da ruwa na dukan katako.

Jirgin sintiri ya matso da filafili, ba su tada inji ba. Babbansu, wani mai furfura a gemu, ya riƙe bakin jirgin Bunyaminu ya leƙa.

"Sannunku da aiki, Yallaɓai," in ji Mama Tabita. "Addu'a za mu. Tsohuwa ce ta tsorata shi, shi kuma ya ruɗe yana faɗin..."

"Mama, bari," in ji Bunyaminu. Ya sunkuya ya ɗaga katakon da ke gabansa.

Jami'in ya daɗe yana kallon jarkokin. Sannan ya dubi matan da ankonsu ɗaya bayan ɗaya.

"Kowane mako ina ɗaga muku hannu," ya ce. "Har cewa nake ku sa ni a addu'a."

Ba wadda ta ɗaga kai.

Aka ja jirgin zuwa tsibirin aka sauke kowa a kan yashi. Jami'in ya tsayar da wani jirgin albasa da ke haurawa Malanbil, ya sa aka ɗauki Jannatu da jaririn da tsohuwar. Kafin ta shiga, Inna Tasallah ta tsaya gaban Rahila, ta kama hannun da ya ƙone ta juya shi, ta tofa masa addu'a. Ta wuce ta gaban Bunyaminu. Ya buɗe baki zai ba ta haƙuri, ta ɗaga masa hannu.

"Na tambaye ka," ta ce. "Ido da ido na tambaye ka."

Ta shiga jirgi ba ta waiwayo ba.

An ƙwace jirgin da abin da ke ciki. Bunyaminu ya yi 'yan makonni a tsare. Da aka tambaye shi mai kayan ya ce shi ya ɗauka, shi ya tuƙa, bai ƙara ko kalma ba. Daga baya aka ji daga bakin masu sayar da nono cewa jaririn ya rayu. Hannun Rahila ya warke, amma fatar tafin ta tattare, ba ya buɗewa sosai, ganga ta koma hannun wata.

Lahadin da ya fara komawa majami'a, Dattijo Kefas ya miƙe ya yi godiya ga Ubangiji da ya tsamo 'ya'yansa daga haɗarin ruwa, aka amsa da amin mai ƙarfi. A waje mutane suka yi wa Bunyaminu barka. Wata tsohuwa ta ce masa da ya yi dabara ya fizge kwanon kawai, da yanzu jirginsa na nan. Wani ya ce laifin na Bafulatanar ne, wa ke shiga jirgi da wuta.

Ya koma noman shinkafa a fadamar wani mutumin Kaoje, ana raba amfani. Can Dattijo Kefas ya same shi wata safiya lokacin dashe, ya cire takalma ya riƙe a hannu, ya bi kan kunya har inda yake.

"Sannu da aiki, ɗana. Kai da ka tashi a kan ruwa, yau kai ne cikin taɓo? Mun samo wani jirgi, ya fi na da. Kuma mun koyi darasi. Jarkokin duk sababbi ne, ba mai yoyo. Mun kafa doka, ba a ɗaukar baƙo, ba a shiga da wuta, Mama Tabita da kanta za ta riƙa duba kayan kowa. Matuƙi kawai muka rasa, ba kuwa wanda ya san ruwan nan kamarka. Ka tuna da Alheri, makaranta za ta shiga."

Bunyaminu ya miƙe, bayansa na ciwo, damin irin shinkafa a hannunsa. Ya saurara har ƙarshe. Abin da ya ba shi tsoro, maganar ta shiga kunnensa da daɗi. Ba yoyo, ba wuta, ba baƙo. Ya ji wani sashe na zuciyarsa ya riga ya fara tunanin inda za a jera jarkokin don jirgi ya daidaita.

"Baba, in an tsayar da mu aka tambaye ni abin da ke ƙasa, me zan ce?"

Dattijo Kefas ya yi dariya. "Wa zai tambaya? An sauya jami'an wancan wuri. Sababbin ba su san ku ba."

"A'a, Baba. Ku nemi wani."

"Ka yi tunani dai. Ba yau nake son amsa ba."

"In na yi tunani zan yarda," in ji Bunyaminu. "Shi ya sa nake ba ka amsar yanzu."

Dattijon ya tsaya jim a kan kunya, takalma a hannu, yana jira ko zai ƙara wani abu. Bunyaminu ya sunkuya ya cusa iri a cikin taɓo, ya ja baya, ya cusa wani.